Ɗan farantin ƙarfen da ke yanke farashin tsohuwar mota: Yadda ake karanta shi

A watan Yunin 2014, a wani gwanjo da kamfanin Mecum ya gudanar a birnin Seattle na Amurka, an sayar da wata mota ƙirar Plymouth Hemi 'Cuda ta 1971, mai rufin da ake naɗewa, a kan Dala miliyan uku da rabi. Ba ta fi sauran 'yan uwanta na wannan shekara girma ko ƙyalli ba, kuma akwai masu irin jikinta da ake sayarwa a kan abin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na wannan kuɗi ba. Abin da ya raba ta da su shi ne hujjar cewa da injin Hemi ta fito daga masana'anta, kuma irinta da aka ƙera a wannan shekara ba su wuce goma sha biyu ba. Wani ɓangare na wannan hujja yana kan wani ɗan farantin ƙarfe da bai kai tafin hannu ba, wanda ke maƙale a ƙarƙashin murfin inji.

Masu sha'awar tsofaffin motoci a Amurka sun mayar da karatun irin wannan faranti wani fanni mai zaman kansa, da littattafansa da masanansa. Dalilin kuwa a fili yake. Ana iya sake fenti, a sauya kujeru, a ɗora wani inji, a manna tambarin da aka ga dama a jikin mota. Farantin ne kaɗai ke faɗin yadda motar take a ranar da aka haɗa ta. Sai dai shaidarsa tana da iyaka, kuma wanda bai san wannan iyaka ba yakan yi asara duk da cewa ya iya karatun.

Ba don mai saye aka yi shi ba

Asalin farantin saƙo ne tsakanin ma'aikata. A shekarun 1960, Ba'amurke mai son sabuwar mota yakan zauna da dillali ya zaɓi launi da irin kujeru da inji da giya da sauran kayan ƙawa daga cikin dogon jerin da kamfani ya tanada. Saboda haka motocin da ke bin juna a layin haɗawa ba iri ɗaya ba ne. Dole mai fenti ya san launin da zai fesa, mai ɗora kujeru ya san waɗanda zai ɗauko, mai huda ƙarfe ya san inda za a ɗaura wani ado. Sai aka taƙaita waɗannan umarni cikin lambobi da haruffa, aka buga su a kan ƙarfe, aka liƙa a jikin motar tun kafin a yi mata fenti.

A kamfanin General Motors na wancan zamani, wato uwar Chevrolet da Pontiac da Buick da Oldsmobile da Cadillac, wani reshe ne mai suna Fisher Body yake ƙera gangar jikin mota. 'Yan gidan Fisher ne suka kafa shi a Detroit a 1908, General Motors ya sayi kashi 60 cikin 100 nasa a 1919, ya kuma mallake ragowar a 1926. Fisher yakan haɗa jiki, ya yi fenti, ya sa gilasai da kujeru, sannan ya miƙa wa ɓangaren Chevrolet, wanda shi ke ɗora inji da giya da tayoyi. Wannan rabon aiki shi ne mabuɗin fahimtar farantin. Na Fisher ne, don haka abin da ya shafi aikin Fisher kawai yake ɗauke da shi. Idan wani zaɓi bai buƙaci a taɓa gangar jiki ba, babu dalilin rubuta shi a kai.

Layi bayan layi

Motar da aka fi yin nazarin farantinta ita ce Chevrolet Camaro ta farkon zamani, wadda ta shiga kasuwa a watan Satumban 1966 a matsayin ƙirar 1967, aka ci gaba da yin wannan siffa har ƙirar 1969. Farantinta yana kan bangon ƙarfen da ya raba ɗakin inji da mazaunin fasinja, ta gefen direba, kuma ƙananan ƙusoshi biyu ne ke riƙe da shi. Bari mu ɗauki misalin yadda na 1969 yake kasancewa. A layin sama za a ga ST 69 12437, sai NOR, sai lamba mai alƙaluma shida, sai BDY. A na tsakiya akwai TR 711, sannan 72 72 PNT. A na ƙasa kuma 02D da X77.

Haruffan ST suna nuna salon jiki, 69 kuma shekarar ƙira ce. A cikin 12437, alƙalamin farko, wato 1, yana nufin Chevrolet. Biyun ƙarshe su ne siffar jiki: 37 mota ce mai ƙofa biyu da rufin ƙarfe, da a ce 67 ne kuwa, mai rufin da ake naɗewa ke nan. NOR shi ne masana'antar Norwood da ke jihar Ohio. Ɗaya masana'antar da ke haɗa Camaro a lokacin tana Van Nuys ne a Kalifoniya, wadda alamarta a 1967 da 1968 ita ce LOS, a 1969 kuma VN. Lambar nan mai alƙaluma shida lambar gangar jiki ce, kuma ba ta yin daidai da lambar shasi. A riƙe wannan, domin za mu dawo kansa.

TR yana magana ne kan kayan ciki. Lamba 711 na nufin baƙaƙen kujeru na gama-gari, 712 baƙaƙe na alfarma, 713 kuma masu yadi mai zanen baƙi da fari. PNT fenti ne, kuma lambobi biyu ake bugawa: ta farko launin ƙasan mota, ta biyu launin rufi. A 1969, lamba 72 ita ce ruwan lemon nan da kamfanin ya raɗa wa suna Hugger Orange, 10 baƙi ne, 50 fari, 71 shuɗi, 76 rawaya. Idan aka ga 72 72, motar ruwan lemo ce sama da ƙasa. Idan kuwa 72 B aka gani, an lulluɓe rufinta da baƙar roba mai kama da fata.

Sai kwanan wata. Alƙaluma biyu na farko wata ne, harafin da ke biye mako ne, daga A zuwa E. Ke nan 02D mako na huɗu ne na watan Fabrairu. A nan akwai wani tarko. Shekarar ƙira a Amurka takan fara ne tun kafin shekarar kalanda ta kama, kuma an tsawaita aikin Camaro ta 1969 har zuwa watan Nuwamban 1969, bayan an fara shi tun ƙarshen bazarar 1968. Don haka faranti mai ɗauke da 10B yana iya zama na Oktoban 1968, yana kuma iya zama na Oktoban 1969. Lambar shasi ce ke raba gardama, domin jerinta yana hawa ne daga farkon aiki zuwa ƙarshensa.

Haka kuma lamba ba ta da ma'ana ɗaya a kowace shekara. A 1967 da 1968 da haruffa ake nuna fenti, inda A ke nufin baƙi, C kuma fari. Harafin R ja ne a duka shekarun biyu, amma jan 1967 daban yake da na 1968. Wanda ya ɗauki jadawalin wata shekara ya karanta farantin wata, ya yi karatu daidai amma ya fito da amsar da ba ita ba.

Haruffa uku masu tsada

Abin da ya fi jan hankalin masu saye a misalinmu shi ne X77. Tun wajen watan Disamban 1968 masana'antar Norwood ta fara buga waɗannan lambobi masu farawa da X domin sanar da ma'aikata irin adon da jikin motar yake buƙata. X44 mota ce ta gama-gari. X11 mai ƙarin adon ƙarfe mai ƙyalli ce. X55 tana nuna SS mai injin lita 5.7, X66 da X22 suna nuna SS mai injin lita 6.5, yayin da X77 da X33 ke nuna Z28. Idan aka ga D80 a gefensu, motar ta zo da ɗan fiffiken nan na kan but.

Me ya sa Z28 ta zama abin nema? Chevrolet ya yi ta ne domin shiga gasar tsere ta Trans-Am, wadda dokarta ta hana injin da ya wuce lita biyar, kuma ta wajabta a sayar wa jama'a irin motar da za a yi tsere da ita. Sai aka haɗa inji mai silinda takwas na lita 4.9, wanda aka fi sani da 302. A 1967 guda 602 kacal aka yi, a 1968 aka yi 7,199, a 1969 kuma 20,302, daga cikin Camaro 243,085 da aka ƙera a ƙirar wannan shekara. Wato a cikin kowace goma sha biyu, kusan ɗaya ce Z28. Sauran goma sha ɗayan kuwa jikinsu iri ɗaya ne da nata, kuma ratsin fenti da tambarin da ke bambanta ta ana sayar da sababbinsu a kasuwa har gobe. Wannan ne ya sa haruffa uku suke iya ninka farashin mota.

To amma ga inda iyakar farantin take bayyana. Masana'antar Van Nuys ba ta yi amfani da lambobin X ba sam. Motocin Norwood da aka haɗa kafin Disamban 1968 su ma ba su da su. A ƙirar 1968 kuwa kusan babu wata lambar zaɓi a kan farantin, ban da launi da kujeru. A 1967 wani tsari ne dabam, inda 4L ke nufin Z28, 4P kuma SS mai injin lita 5.7. Saboda haka rashin X77 bai isa a ƙaryata mota ba. A ɗaya ɓangaren, idan aka ga lambar X a farantin Van Nuys, ko a farantin da lambar shasin motar ta nuna cewa a Oktoban 1968 aka haɗa ta, to akwai lauje cikin naɗi.

Wani abin mamaki shi ne, Camaro mafi tsada a wannan shekara farantinta yakan nuna ta a matsayin ta gama-gari. A lokacin General Motors yana da ƙa'idar da ta hana sa inji mai girman da ya wuce kimanin lita 6.6 a irin wannan mota. Wasu dillalai sai suka bi ta wata hanyar oda ta musamman da ake kira COPO, wadda asali aka tanada domin masu sayen motoci da yawa a lokaci guda, suka sa aka ɗora injin lita 7. Oda mai lamba 9560 ita ce ta injin ZL1 da aka yi da alminiyam. Guda 69 kawai aka haɗa, kuma wani dillali a jihar Illinois mai suna Fred Gibb shi ya yi odar 50 daga ciki. Da yake aikin na ɓangaren inji ne, Fisher bai ba su wata lamba ta musamman ba, sai dai X44 ko X11. A 2020 an sayar da ɗaya daga cikinsu a gwanjo a kan fiye da Dala miliyan ɗaya. Da farantin kaɗai mutum zai duba, da ya wuce ta bai waiwaya ba.

Tsarin Chrysler da na Ford

Kamfanin Chrysler, mai yin Dodge da Plymouth a lokacin, ya fi yalwata bayani. Farantinsa yana kan ƙarfen da ke saman tayar gaba ta gefen direba, a cikin ɗakin inji, kuma daga ƙasa ake fara karanta shi, daga hagu zuwa dama, sannan a hau sama. Daga ƙirar 1969, layin ƙasa yana ɗauke da lambar inji da ta giya da kuma lambar shasi. A ƙirar 1970, E74 shi ne injin Hemi na lita 7, E86 injin lita 7.2 ne mai kafireto ɗaya, E87 kuma shi ɗin ne amma mai kafireto uku. D21 giyar hannu ce mai hawa huɗu. A layukan sama akwai fenti, kamar FC7 na launin shunayya da EV2 na ruwan lemo mai ja, da kuma zaɓuɓɓuka irin su N96, wato bututun shaƙar iska da ke leƙowa ta tsakiyar murfin inji. Kwanan watan da ke kai ranar da aka tsara haɗa motar ce, ba lallai ranar da aka gama ta ba. Watanni tara na farko da lambobi ake nuna su, Oktoba kuma A, Nuwamba B, Disamba C, don haka A15 na nufin 15 ga Oktoba.

Amfanin wannan tsari shi ne faranti da lambar shasi suna gaskata juna. A lambar shasin 'Cuda, BS23 na nuna mai rufin ƙarfe, BS27 mai rufin naɗewa, harafi na biyar kuma inji ne, inda R ke nufin Hemi. Idan faranti ya ce E74 amma harafi na biyar ba R ba ne, magana ta ƙare. Rauninsa kuwa shi ne da sukurori aka ɗaure shi, ana kwance shi cikin minti ɗaya, kuma da yawa sun ɓace a wajen masu fenti tun shekaru aru-aru.

Shi kuwa Ford a ƙofar direba yake sa nasa. Yana ɗauke da siffar jiki da launi da kayan ciki da kwanan wata da yankin da aka aika motar da nau'in akselin baya da giya. Inji kuma yana cikin lambar shasi. Idan Mustang ta fara da 9F02Z, to 9 shekarar 1969 ce, F masana'antar Dearborn, 02 jiki mai gangaren baya, Z kuma injin Boss 429. Matsalar wannan faranti ita ce ƙofa abar sauyawa ce. Motar da ta yi haɗari shekara hamsin da suka wuce, aka sa mata ƙofar wata, tana yawo ne da shaidar wata motar ba tare da kowa ya yi niyyar yaudara ba.

Shaida ɗaya ba ta isa

Yanzu mu koma kan abin da aka ce a riƙe. Farantin Fisher ba ya ɗauke da lambar shasi. Ma'ana, babu abin da ya ɗaure shi da mota guda. Ana iya cire shi daga Z28 da tsatsa ta cinye, a mayar da shi kan lafiyayyar mota ta gama-gari. Akwai kuma masu buga sabon faranti da duk lambobin da mutum ya buƙata. Wasu suna yin haka ne domin maye gurbin wanda ya ruɓe, wasu kuma domin a ci kasuwa. Dokar tarayyar Amurka ta mayar da taɓa lambar shasi babban laifi, shi ya sa mai son yaudara ya fi karkata ga farantin, inda hatsarin ya fi sauƙi.

Saboda haka masana ba sa tsayawa a kan abin da farantin ya faɗa, sai sun binciki farantin kansa. Suna duba siffar haruffa da tazarar da ke tsakaninsu, domin kowace masana'anta da irin na'urar bugawarta. Suna duba ƙusoshin da ke riƙe da shi da abin toshe kafa da aka shafa a kansu. Suna kwatanta lambar jiki da kwanan wata da na wasu motocin da aka tabbatar an haɗa su a mako guda, tunda ƙungiyoyin masu bincike sun tara bayanan dubban motoci.

Daga nan sai a nemi sauran shaidu. Na farko lambar shasi. A Camaro ta 1967 tana jikin ginshiƙin ƙofar direba, daga 1968 kuma aka mayar da ita saman dashbod inda ake hango ta ta gilashi. Idan ta fara da 12337, motar mai silinda shida ce, idan 12437 ce, mai takwas. Ke nan motar da lambarta ta fara da 12337 ba za ta taɓa zama Z28 ba, ko me farantin ya ce. Harafin masana'anta da ke cikinta, N na Norwood ko L na Van Nuys, dole ya dace da na farantin. Akwai kuma wani yanki na lambar da aka buga a ɓoyayyun wurare a gangar jiki, waɗanda sai an kwance wasu sassa ake ganinsu.

Na biyu inji. A gaban tubalin inji akwai wani ɗan fili da ake buga lambobi biyu: ta haɗa inji da kuma yankin lambar shasi. Idan aka ga V0212DZ, to V masana'antar injuna ta Flint ce, 0212 ranar 12 ga Fabrairu, DZ kuma alamar injin 302 na 1969. Tsarin lokaci dole ya tafi daidai: a zuba tubalin inji, a haɗa injin, sannan a ɗora shi a mota. Injin 12 ga Fabrairu ya dace da jikin da aka haɗa a mako na huɗu na Fabrairu. Injin watan Afrilu a cikin jikin Fabrairu kuwa baƙo ne, domin ɗa ba ya riga uwarsa zuwa duniya. Haka ake bin giya da akselin baya da kafireto, har ma da gilasai, tunda kowannensu da kwanan watansa.

Na uku takardu. Ma'aikatan layin haɗawa sukan bar takardar umarnin aiki a cikin mota, a ƙarƙashin kujera ko kafet ko saman tankin mai, kuma ta fi farantin cikakken bayani nesa ba kusa ba. A wancan zamani General Motors yakan ba mai saye wani ɗan katin ƙarfe na garanti mai suna Protect-O-Plate, wanda ke ɗauke da lambobin inji da giya da aksel. Inda aka yi sa'a kuma, kamfanin kansa yana da rajista. Bayanan motocin Ford daga 1967 suna hannun Kevin Marti na jihar Arizona, wanda kamfanin ya ba lasisin fitar da rahoto a kan kowace mota. Na Pontiac ana samun kwafin takardun cinikinsu ta hannun Pontiac Historic Services. Reshen General Motors na Kanada yana riƙe da bayanan motocin da aka sayar a can. Amma yawancin Chevrolet da aka ƙera aka kuma sayar a cikin Amurka a wancan zamani ba su da irin wannan rajista ta zaɓuɓɓuka. Wannan giɓi ne ya ɗora wa farantin Camaro nauyin da ya fi ƙarfinsa, shi ne kuma ya buɗe wa masu jabu ƙofa.

Duk da haka ramin ƙarya ƙurarre ne. Buga faranti ɗaya abu ne mai sauƙi. Daidaita shi da lambar shasi da ɓoyayyun lambobi da inji da giya da aksel da takardu, a kuma sa kwanakinsu su bi juna, aiki ne da ba kasafai yake tafiya babu tuntuɓe ba.

Abin da ya shafe mu

Tsofaffin Camaro da 'Cuda ba motocin titunanmu ba ne, amma al'adar rubuta asalin mota a jikinta ba ta tsaya a Amurka ko a wancan zamani ba. Marsandin nan ƙirar W123, wadda aka yi daga 1976 zuwa farkon 1986, kuma har yanzu ake ganinta a gidajen wasu dattawa, tana da nata farantin a ɗakin inji, da kuma katin bayani da kamfanin ke ajiye kwafinsa a Jamus. A tsarin Mercedes-Benz, 040 baƙin fenti ne, 410 rufi mai zamewa da lantarki, 420 giya mai sarrafa kanta, 580 na'urar sanyaya ciki. Wanda ya gaji irin wannan mota yana son mayar da ita yadda take a da, waɗannan lambobi su ne jagorarsa.

Haka motocin da ake shigowa da su na hannu daga Amurka. Tun 1981 aka daidaita lambar shasi a can ta zama mai alƙaluma da haruffa 17, inda na goma ke nuna shekarar ƙira. A motocin Toyota, takardar da ke liƙe a ginshiƙin ƙofar direba tana da C/TR, wato launi da kayan ciki, da A/TM, wato aksel da giya. Lamba 040 fari ce, 202 baƙi, 1F7 ruwan azurfa. Idan takardar ta ce 202 amma motar fara ce, an sake mata fenti gaba ɗaya, kuma mai saye yana da haƙƙin tambayar dalili. Idan harafi na goma ya nuna wata shekara, fitilu da bamba kuma suka nuna wadda ta fi ta sabunta, to an sauya wa motar fuska, kuma bai kamata a biya kuɗin sabuwa ba. Ko ba a zancen ciniki, ba wa mai fenti wannan lamba ya fi a bar shi ya haɗa launi da ido.

Ga wanda zai sayi tsohuwar mota mai daraja, musamman daga nesa ta intanet, inda abin yakan zama cinikin biri a sama, matakan ba su da yawa. Ya nemi hoton faranti ƙarara, har da ƙusoshinsa. Ya nemi hoton lambar shasi da ta inji. Ya karanta su da jadawalin ainihin shekarar da masana'antar, ba na wata ba. Ya jera kwanakin ya ga ko sun bi juna. Idan akwai rajistar kamfani, ya biya kuɗin rahoto, domin bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da farashin mota. Idan kuɗin da ake magana mai yawa ne, ya ɗauki wanda ya ƙware a kan wannan ƙira ya je ya gani da idonsa.

Motar da aka mayar da ita kamar Z28 ba abar ƙyama ba ce, akwai masu sayenta suna sane, suna kuma jin daɗin tuƙa ta. Cutar tana zuwa ne idan aka karɓi kuɗin asali a kan kwaikwayo. Ma'aikacin da ya buga wancan faranti a Norwood a mako na huɗu na Fabrairun 1969 yana sanar da abokin aikinsa ne launin da zai fesa da ramin da zai huda, ba ya rantsuwa a gaban alƙali. Wanda ya karɓi maganarsa a wannan matsayi, ya kuma nemi sauran shaidu su gaskata ta, shi ne zai san abin da ya saya.